Daga Ƙazwa Zuwa Ciwon Ƙoda: Jan Kunne Ga Iyayen Yara

Ran wata Laraba da yamma, cikin tsakiyar hunturu, mun fita ziyarar gida-gida kamar yadda muka saba, tare da mata biyu daga Zumuntar Mata, a wata unguwa da ke bayan garin Dutse ta hanyar Kiyawa. Abin da ya kai mu gidan da za mu ba da labarinsa shi ne wani yaro ɗan shekara bakwai wanda ya yi mako biyu bai zo makarantar Lahadi ba, alhali kuwa shi ne yakan riga kowa zuwa ya goge benci. Muka same shi kwance a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, fuskarsa ta cika, fatar idanunsa ta yi luhu-luhu kamar wanda ya kwana yana kuka.

Bayan gaisuwa muka tambayi mahaifiyarsa abin da ke damunsa. Ta ce, "Malam, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Da farko na ɗauka ƙiba yake yi, har na yi murna. Amma yau kwana uku ke nan fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, kuma ɗan kaɗan yake yi." Kakarsa da ke gefe tana ɓarar gyaɗa ta ce ai tsargiya ce, tun da yaron ba ya rabo da kududdufi da damina. Wata maƙwabciya kuwa ta riga ta yanke cewa shawara ce, har ta kawo jiƙo a kwalba.

Ɗaya daga cikin matan da muke tare da su tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ta durƙusa ta danna ƙaurin yaron da babban yatsanta, da ta ɗaga sai wurin ya zauna a loɓe. Ta duba ƙafafunsa ta ga baƙaƙen tabo birjik, ta duba tsakanin yatsun hannunsa ta ga sauran ƙananan ƙuraje. Ta tambaya yaushe ya yi waɗannan. Uwar ta ce, "Mama, wannan ai ƙazwa ce, duk yaran gidan sun yi. Ta yi masa gyambo a ƙafa, amma ya fi wata guda da bushewa." Sai tsohuwar ta miƙe ta ce, "'Yata, ɗauko mayafinki. Yau ɗin nan za mu kai shi asibiti."

A asibiti aka auna jininsa aka ga ya hau har ya kai na babban mutum mai hawan jini. Aka gwada fitsarinsa aka sami jini a ciki. Aka ba shi gado, ya kwana tara, Ubangiji kuwa ya tashi kafaɗunsa, yanzu haka ya koma goge bencinsa. Amma a daren farko, sa'ad da likita ya gaya wa mahaifin yaron cewa ƙodarsa ce ta kumbura, kuma gyambon nan na ƙafa shi ne mafarin abin, sai mutumin ya riƙe baki ya ce, "Likita, me ya haɗa ƙafa da ƙoda?" Wannan tambaya ita muke so mu amsa a wannan shafi, domin mun tabbata iyaye da yawa a ikkilisiyoyinmu na Dutse, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu, Buji, Gwaram da Miga za su yi irinta.

Me Ya Haɗa Fata Da Ƙoda?

Allah ya ba kowane mutum ƙoda biyu, suna can ta baya, dama da hagu, a ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu shi ne tace jini. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. A jikin babban mutum waɗannan matatai suna tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini a kowace rana, wato jarka tara mai cin lita 20. Kusan dukansa jiki yake sāke shanyewa, sai lita ɗaya da rabi ko makamancin haka yake fita a matsayin fitsari, ɗauke da dattin jiki da gishirin da ya yi yawa.

Matan da ke tace gasarar koko za su fi kowa gane abin da zai biyo baya. Idan rariya ta toshe, ruwa ba ya wucewa. Idan kuma ta yage, dusa takan bi ta faɗa cikin gasara. To, a wannan ciwo duka biyun ne suke faruwa a lokaci guda. Matatan ƙoda sukan kumbura su toshe, sai ruwa da gishiri su taru a jiki, fuska da ƙafafu su kumbura, jini ya hau, fitsari ya ragu. Sukan kuma yi rauni, sai jini da sinadarin gina jiki su zurare cikin fitsari, shi ya sa yake komawa kalar shayi ko kalar lemon kwalba baƙi.

Mai haddasa wannan ɓarna wata ƙwayar cuta ce da likitoci suke kira sitireptokokas rukunin A. Ita ce take sa ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a yara, ita ce kuma take yawan sa ƙuraje su yi mugunya su yi ɓawo mai kalar zuma. Abin mamaki shi ne ƙwayar ba ta buƙatar tafiya ƙoda da kanta. Sa'ad da ta shiga gyambo, garkuwar jiki takan tashi ta yaƙe ta. A cikin wannan yaƙi, makaman da jiki ya ƙera sukan haɗu da ɓurɓushin ƙwayar cutar su maƙale a matatan ƙoda, sai jiki ya kai hari wurin, ƙoda ta kumbura. Wato dai ƙoda tana shan wahalar faɗan da aka yi a fata.

Ga kuma abin da yake ɓatar da iyaye. Ciwon ƙodar ba ya zuwa lokacin da gyambon yake ɗanye. Idan ta maƙogwaro ƙwayar ta shiga, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin kumburi ya bayyana. Idan kuwa ta fata ce, sai an yi mako uku zuwa shida. Kafin nan gyambo ya bushe, an manta da shi, saura tabo kawai. Don haka idan yaro ya tashi da kumburarriyar fuska, ba mai tunawa da ƙafarsa. Sai a shiga neman dalili a wani wuri, wani ya ce sammu, wani ya ce iska, wani ya ce maita ce ta dangi, har zumunci ya ɓaci a kan abin da ɗan ƙurji ya jawo. Yaran da abin ya fi kamawa su ne 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu, wato daidai 'yan makarantar Lahadi da 'yan firamare, kuma ya fi yawa a maza.

Ƙazwa Mai Buɗe Ƙofa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki, muddin tana lafiya ƙwayar nan ba ta da hanya. Abubuwa da yawa suna tsaga wannan bango: cizon sauro da yaro ya sosa da damina, ƙurajen zafi da bazara, ƙaranbau, makero, sartse, tuntuɓe, da kaushin da hunturu yake sa wa ƙafa. Amma babba a cikinsu a ƙasarmu ita ce ƙazwa, wadda wasu suke kira ƙaswa.

Ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane ƙwarai, bai kai rabin milimita ba. Macen takan haƙa rami a cikin fatar sama ta zauna, tana saka ƙwai biyu ko uku kowace rana. Ta fi son tsakanin yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, hamata, cibiya, kwankwaso, ɗuwawu da al'aura. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai takan kama. Alamarta ita ce ƙaiƙayi mai tsanani wanda yake ƙaruwa da dare, kuma da wuya a same ta a mutum ɗaya kaɗai a gida. Wanda ya kamu karo na farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, a duk wannan lokaci kuwa yana shafa wa waɗanda suke kwana tare da shi.

Yaro ba ya iya daurewa, sai ya yi ta susa cikin barci da farce mai datti har ya yi wa kansa rauni. Ta nan ƙwayar cuta take shiga, ƙurji ya zama gyambo. Da hunturu, lokacin da yara biyar ko shida suke cusuwa cikin bargo ɗaya, wanka kuma ya ragu saboda sanyi, ƙazwa takan sami yadda take so. Haka ma a ɗakunan kwanan ɗalibai, a makarantun allo, a gidajen yari, da duk inda mutane suka cunkushe. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Jigawa za su tuna yadda iyalai da yawa suka koma kwana a ajujuwan firamare, tabarma a jikin tabarma. Irin wannan zama shi ne gonar ƙazwa.

Ya kamata mu faɗi wani abu a fili, domin kunya tana hana iyaye neman magani. Ƙazwa tana kama mai tsabta da marar tsabta, mai kuɗi da talaka, kuma wanka kaɗai ba ya kashe ta, gama ƙwaron yana cikin fata. Uwar da ɗanta ya kamu ba ƙazama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai mutane aƙalla miliyan 200 da suke ɗauke da ƙazwa a duniya, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin Da Aka Gano A Zariya Da Wasu Ƙasashe

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sabon zance ne da aka kawo mana daga Turai. Tun a 1973 wasu likitoci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Dokta Hilton Whittle da Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsu 'yan Nijeriya, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ƙazwa da gyambon fata da kumburin ƙoda a Zariya. A cikin ƙasar Hausa, a jikin mutane irinmu, aka bi diddigin wannan hanya da take tashi daga ƙaiƙayi ta bi ta gyambo ta ƙare a ƙoda. Yau sama da shekara hamsin ke nan, amma har yanzu labarin bai kai tsakar gida ba, inda ake fi bukatarsa.

A tsibirin Tirinidad da ke yankin Karibiyan, rahoton da likitoci suka fitar a 1972 ya nuna yadda annobar ƙazwa ta zo tare da annobar kumburin ƙoda a yara. A arewacin Ostireliya, a cikin 'yan asalin ƙasar, inda ƙazwa da gyambo suka yi yawa, an bi yaran da suka taɓa yin wannan ciwo har suka girma, aka ga sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda mai daɗewa. Wani ƙiyasi da masana suka buga a 2005 ya ce ana samun masu wannan ciwo fiye da 470,000 a duniya kowace shekara, kashi 97 cikin 100 a ƙasashe matalauta, kuma wajen mutum 5,000 suke mutuwa. Wani lissafi na 2015 kuma ya nuna yara sama da miliyan 160 ne suke fama da gyambon fata mai mugunya a lokaci guda.

Akwai labari mai daɗi kuma. A ƙasar Fiji an gwada ba dukan mutanen wasu tsibirai maganin aibamektin (ivermectin), wato irin wanda muka sani da suna Mectizan, wanda ake rabawa a ƙauyuka saboda tundurmi da makantar kogi. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara guda masu ƙazwa sun ragu daga kashi 32 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 2, gyambon fata kuma ya ragu da kashi biyu cikin uku. A birnin Karaci na Pakistan kuwa, binciken da aka buga a 2005 ya nuna cewa a gidajen da aka ba sabulu aka ƙarfafa wanke hannu da yi wa yara wanka, gyambon fata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sabulu na yau da kullum ya yi aiki daidai da mai tsada da ake cewa yana da magani. Har yau ba a sami allurar rigakafin wannan ƙwayar cuta ba, saboda haka sabulu da maganin ƙazwa su ne makaman da ke hannunmu.

Alamomin Da Za A Lura Da Su

Alama ta farko ita ce kumburin fuska, musamman kewayen idanu, wanda ya fi fitowa da safe in yaro ya tashi daga barci. Daga baya ƙafafu da ciki sukan bi. Ta biyu ita ce canjin kalar fitsari zuwa ruwan shayi ko ruwan wankin nama. Ta uku ita ce raguwar fitsari. Yaro yakan yi kasala, ya ƙi abinci, ya yi kukan ciwon kai. Idan aka ga waɗannan, a duba ƙafafu da hannuwa ko akwai gyambo ko sabon tabo, a kuma tuna ko ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya.

Kakar yaron nan da ta ce tsargiya ce, ba za a ga laifinta ba, domin tsargiya tana da yawa a Jigawa, musamman a garuruwan fadama da bakin kogi. Amma akwai bambanci. Jinin tsargiya ja ne, kuma yawanci a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, sau da yawa da zafi, fuska kuwa ba ta kumbura. A ciwon ƙodar da muke magana, fitsarin gaba ɗayansa ne yake yin duhu daga farko har ƙarshe, yawanci ba zafi. Shawara kuma takan sa farin ido ya koma rawaya. Tamowa ma tana kumbura yara, amma ta fi kama 'yan ƙanana da aka yaye, gashinsu ya yi laushi ya yi ja. Wannan bayani don ya taimaki iyaye ne su gane girman abin, gwajin fitsari da awon jini a asibiti su ne za su raba gardama.

Akwai alamomin da in an gan su ba a jiran gari ya waye: matsanancin ciwon kai da amai, gani dishi-dishi, jijjiga ko suma, numfashi sama-sama har yaro ya kāsa kwanciya, ko a yini a kwana bai yi fitsari ba. Jijjigar tana zuwa ne domin jini ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa, haki kuma domin ruwa ya taru a huhu. Waɗannan biyu su ne suke kashe yara a wannan ciwo, kuma duka biyun likita yana da maganinsu in an kai da wuri.

Abin Da Ake Yi A Asibiti

A yankinmu akwai Asibitin Rasheed Shekoni da Babban Asibitin Dutse, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai kuma Babban Asibitin Jahun. Wanda yake nesa ya fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ya roƙa a gwada fitsari a auna jinin yaron, domin mutane da yawa ba su san yara ma suna yin hawan jini ba. Abu mafi muhimmanci, a gaya wa likita labarin ƙurajen ko da sun warke, ko da bai tambaya ba. Wannan 'yar magana tana iya rage masa dogon bincike, ta rage muku kashe kuɗi.

Likita zai ba da maganin da zai sa yaro ya yi fitsari ruwan ya ragu, da maganin saukar da jini in ya hau, da fenisilin ko makamancinsa don kashe sauran ƙwayar cutar kada ta bazu ga 'yan'uwansa. Zai hana gishiri, ya kuma ƙayyade ruwan da yaro zai sha na 'yan kwanaki. Kaɗan ne ƙwarai ciwon yakan yi tsanani har a bukaci wankin ƙoda na ɗan lokaci, irin wanda ake yi a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Muna so iyaye su kwantar da hankali a nan, domin kalmar ƙoda tana tsorata mutanen Jigawa, ganin yadda ciwon ƙoda na manya ya daɗe yana addabar yankin Haɗeja da Gashuwa. Wannan na yara daban yake. Fiye da tara cikin goma na yaran da aka kula da su suna warkewa sarai. Kumburi yakan saɓe cikin mako ɗaya ko biyu, jini ya sauka, fitsari ya washe, ko da yake ɗan jinin da ido ba ya gani yana iya daɗewa a fitsari har shekara ɗaya ko fiye. Saboda haka in likita ya ba da ranar dawowa a koma, ko da yaro yana guje-gujensa, domin ta haka ake gano 'yan kaɗan ɗin da ƙodarsu ba ta murmure ba.

A gida kuma akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya amma suna ƙara wa ƙoda nauyi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, don haka kunun kanwa da jiƙon kanwa ba na yaro mai kumburi ba ne. Haka ma ɗunƙulen miya da garin ɗanɗano na taliyar leda. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ƙodar da ta kumbura ba za ta iya tace su ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da wasu alluran da ake yi a kantin magani ba tare da gwaji ba, suna iya gama kashe ƙodar da take neman tashi. Tsaga da ƙaho don a fitar da "mugun ruwa" sabuwar ƙofa ce kawai ake buɗe wa ƙwayar cuta.

Yadda Za A Kori Ƙazwa Daga Gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa wa yaron da ya fi susa magani a bar sauran. Bayan mako biyu sai ya sāke ɗauka daga wurin ƙanensa, uwa ta ce maganin jabu ne. Doka ta farko ita ce a yi wa kowa da kowa a gidan magani a rana ɗaya, mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi, har da uba, har da ɗan riƙo da baƙon da yake kwana a zaure.

Magungunan shafawa da aka sani su ne man fametirin, ruwan benzil benzowet, da man farar wuta. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda ya dace da shekarun yaro, domin benzil benzowet yana da zafi, ana sirka shi da ruwa ga yara, kuma ba a shafa shi a kan ɗanyen gyambo. Ana shafawa ne daga wuya har tafin ƙafa, ko'ina, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ba wurin ƙurajen kaɗai ba. Fametirin yakan kwana a jiki a wanke da safe, a maimaita bayan mako guda. Ƙwayar aibamektin ta sha kuma likita ne yake rubuta ta, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. A ranar da aka shafa magani a wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana. Bargo da abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda a ajiye mako guda, gama ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku a raye in ba ya jikin mutum. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce magani bai yi ba.

Gyambon da ya riga ya yi mugunya a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, a rufe shi saboda ƙuda, a yanke wa yaro farce. In gyambon ya yi yawa, ko yana bazuwa, ko ya zo da zazzaɓi da kaluluwa, a kai asibiti a karɓo maganin kashe ƙwayar cuta, a kuma sha shi har ya ƙare. Baƙin man mota, garin batir, toka, da fiya-fiya ba su da wurin zama a jikin yaro. Mun taɓa ganin yarinyar da aka shafa wa maganin ƙwari saboda ƙazwa, sai da aka kwana a kanta a asibiti. Mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa don kowane irin ƙurji sukan kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, ƙwaron kuwa yana ta hayayyafa a ƙarƙashi. Bayan gyambo ya warke, uwa ta ci gaba da duba fuskar ɗanta da safe da kalar fitsarinsa har mako shida.

Rabon Ikkilisiya A Wannan Aiki

Wani zai ce me ya kawo maganar ƙazwa a shafin ikkilisiya? Mai wannan tambaya ya buɗe Littafin Firistoci sura 13, zai ga Ubangiji ya ɗora wa firistocin Isra'ila aikin duba fatar jama'a, su keɓe mai ciwo kwana bakwai, su sāke dubawa. A Littafin Sarakuna na Biyu sura 20 kuma, bayan Allah ya ji addu'ar Sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun da yake neman kashe shi. Addu'a da magani sun tafi tare a gidan sarki, ba dalilin da zai sa su rabu a gidajenmu. Muna roƙon masu yi wa marasa lafiya addu'a, in an kawo muku yaro mai kumburarriyar fuska, ku yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Kwana uku na azumi a kan yaron da jininsa ya hau suna iya zama ajalinsa.

Malaman makarantar Lahadi su ne suke ganin yaranmu a jere kowane mako. Ba ya ɗaukar minti biyar a ce yara su miƙo hannu a duba tsakanin yatsu. Wanda aka ga yana da ƙuraje kada a kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, kada kuma a kore shi, a sami iyayensa a keɓe bayan sujada. Zumuntar Mata za ta iya ware taro guda kafin shigar hunturu, ta gayyaci ma'aikaciyar jinya daga cikin membobi ta nuna yadda ake shafa maganin. Masu shirya taron matasa da zangon yara, inda ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya, su ma su sa ido. Dattawa kuwa su tuna cewa maganin gida mai mutum goma yana iya fin ƙarfin gwauruwa ko ɗan ƙwadago. Daga baikon taimakon mabukata ana iya sayen sabulu da man ƙazwa a ajiye.

Yaranmu kuma ba su kaɗai suke wasa ba. Suna kokawa da ƙwallo da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, suna zama benci ɗaya a makaranta, almajiri yana shigowa gidajenmu yana ɗebo mana ruwa. In mun kori ƙazwa daga ɗakinmu muka bar ta a gidan da muke katanga ɗaya, za ta dawo. Wanda ya karanta wannan shafi ya kai labarin ga maƙwabcinsa, in ya ga almajiri da gyambo ya taimaka masa da sabulu da magani, ya kuma yi wa malaminsa bayani cikin ladabi. Wannan ma ƙaunar maƙwabci ce, kuma shaida ce da ba ta bukatar dogon wa'azi.

A gidan da muka fara da labarinsa, bayan an sallamo yaron, an yi wa mutum goma sha ɗaya maganin ƙazwa a dare ɗaya, aka kuma gwada fitsarin ƙannensa biyu aka same su lafiya. Kakar ce yanzu take tsare jikokinta da safe tana duba musu yatsu kafin su tafi makaranta. Muna roƙon kowane uba da kowace uwa su yi haka a daren yau kafin yara su kwanta. Ubangiji ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ƙara wa ma'aikatan asibitocinmu ƙarfi da haƙuri. Amin.